WANE NE DAƘIƘI?

Laccar da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a wurin taron shekara-shekara na ƙungiya, a babban ɗakin taro na makaranta



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu, ya sake haɗa fuskokinmu a wannan ɗaki da muka sha zama a cikinsa muna yara. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Shugaban taro, Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, Firinsifal da malamansa, iyayenmu tsofaffin malamai da suka daure suka zo duk da nauyin shekaru, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yanmu ɗalibai da ke zaune can baya, ina gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙan su, ya kyautata namu zuwan.

Gabatarwa

Da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa in yi magana a kan ilimin halayyar ɗan Adam, tun da shi na daɗe ina koyarwa a kwalejin horon malamai, sai na ji gabana ya faɗi. Tsayawa gaban ɗalibai ba ya ba ni tsoro, amma a layin gaba akwai malamin da har yau in ya yi gyaran murya sai na duba ko maɓallin rigata a ɓalle yake. Ranku ya daɗe, in na yi kuskure a gyara mini kamar yadda aka saba, sai dai ina roƙon a ajiye bulala.

Abin da ya sa na karɓi aikin shi ne, na ga a jerin abubuwan da za mu tattauna in an jima akwai shawarar kwamitin ilimi, cewa kuɗin da muka tara a bana a kasa su biyu: kashi ɗaya a yi wa 'yan ajin ƙarshe lesin na wata biyu kafin jarrabawar WAEC, ɗaya kashin kuma a saya wa na ɗaya zuwa na uku a kowane aji kyauta. Niyya ce mai kyau, Allah ya saka wa kwamiti. Amma kafin mu ɗaga hannu, ina son mu tuna da wani mutum.

Duk wanda muka yi aji ɗaya da shi ya san wanda nake nufi, ba kuwa zan faɗi sunansa ba. A ɗakin kwananmu babu wanda ya kai shi karatu. In an kashe wuta sai ya kunna fitilar ƙwai, ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwa, ya jefa goro a baki, ya yi ta nanata littafi har asuba. Amma ranar da za a ba da hutu, in an tara mu ana kiran sakamako daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe, kowa ya san sunan da za a rufe da shi. Muka laƙaba masa suna, muka yi ta dariya, har wata shekara aka dawo hutu bai dawo ba. Bayan shekaru masu yawa na gamu da shi a kasuwar hatsi. Ina tsaye ya lissafa kuɗin buhu goma sha bakwai na masara, ya cire la'ada da kuɗin mota da na 'yan dako, duk da ka, kafin ni in gama laluben kalkuleta. Tun daga ranar nake tambayar kaina: shin wane ne daƙiƙi? Wannan tambaya ce zan bi ta ƙofofi huɗu, wato hadda, da warware matsala, da zama cikin jama'a, da ita kanta jarrabawa.

Hadda da mantuwa

A shekarar 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon wani gwaji da ya yi shekaru yana yi a kan kansa. Ya ƙirƙiri gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, ya jera su, ya haddace, sannan bayan wani lokaci ya dawo ya auna wahalar da zai sha kafin ya sake haddace su. Ya tarar bayan awa ɗaya tak fiye da rabin aikin ya zube. Bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku sun tafi, bayan wata ɗaya kuwa abin da ya rage bai wuce kashi 21 cikin 100 ba. Wato mantuwa da gudu take farawa, sannan ta koma tafiya. A 2015 wasu masana a ƙasar Holan sun maimaita gwajin, suka sami kusan abin da ya samu.

Abubuwa biyu da ya gano sun fi wannan amfani a gare mu. Na farko, abin da sai ya maimaita sau 68 a zama ɗaya kafin ya zauna masa, in ya raba karatun a kwana uku sau 38 ya isa. Na biyu, da ya gwada haddar baitocin waƙa masu ma'ana, wahalar da ya sha ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wahalar gaɓoɓin banza ba.

To, jama'a, ku dubi abokin namu. Ya fito daga firamaren ƙauye inda bai taɓa jin an yi hira da Turanci ba, aka kawo shi nan aka miƙa masa littafin kimiyya da Turanci. Abin da yake nanatawa cikin dare, a kunnensa, bai da bambanci da gaɓoɓin Ebbinghaus. Ga shi kuma ya tara karatun duka a daren jarrabawa. Hanyoyi biyu mafiya wahala ya haɗa, ba kuwa wanda ya taɓa gaya masa.

Har ila yau, ya hana kansa barci. Tun a 1924 wasu masana biyu a Amurka, Jenkins da Dallenbach, suka nuna cewa wanda ya yi hadda ya kwanta ya fi tuna ta a kan wanda ya yi hadda ya ci gaba da zirga-zirga na tsawon lokaci iri ɗaya. Binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Bokitin nan na ruwa, ashe, kwashe karatun yake yi.

Akwai kuma iyakar abin da mutum zai iya riƙewa a lokaci guda. George Miller a 1956 ya ce kimanin abu bakwai ne, masana na baya kuma suka ce ya fi kusa da huɗu. Shi ya sa ba wanda yake karanto lambar waya mai alƙaluma 11 a dunƙule, sai ya yanka ta gida uku. Malamin da ya cika allo daga sama har ƙasa, ya share, ya sake cikawa, tulu ɗaya yake juyewa a cikin moɗa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, maganin duk wannan yana nan a ƙofar gidanmu. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam ba tare da dubawa ba. Kowace rana yana tilawar na baya kafin ya ƙara sabo. Ba a kuma kiran mutum alaramma sai ya rubuta Alƙur'ani da ka. Wato tsangaya ba ta yarda da cewa ka iya ba sai ka fito da abin daga cikin kanka. A 2006 Roediger da Karpicke, a wata jami'a ta Amurka, suka gwada wannan. Rukuni ɗaya na ɗalibai suka yi ta maimaita karanta wani rubutu, rukuni na biyu suka karanta a zama ɗaya, sannan aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako ɗaya sai labari ya sha bamban: masu maimaitawa sun tuna kashi 40 cikin 100, masu rufe littafi su gwada kansu suka tuna kashi 61. Daɗin daɗawa, masu maimaitawar su ne suka fi sakankancewa cewa sun iya. Nanata karatu yana sa ido ya saba da shafi, sai mutum ya ɗauka ya sani. Mu da muka baro makarantar allo muka shigo boko, mun ajiye tilawa a bakin ƙofa.

Warware matsala

Yanzu zan ɗan ba ku aiki, kada kowa ya yi barci. Littafi da fensir kuɗinsu naira 1,100. Littafin ya fi fensirin da naira 1,000. Nawa ne kuɗin fensir? Na ji an ce ɗari daga ɓangaren manyan ma'aikata. To, in fensir ɗari ne, littafi ya zama 1,100, jimla 1,200 ke nan. Amsa ita ce naira 50. An gwada irin wannan tambaya a kan ɗaliban manyan jami'o'in Amurka, da yawansu suka faɗa ramin da kuka faɗa. Amsar da ta fara faɗo wa mutum daɗi gare ta, shi ya sa ba ya tsayawa ya bincike ta.

A 1942 Abraham Luchins ya yi wani gwaji da ya kamata duk malamin lissafi ya sani. Ya ce a ɗauka kana da tuluna uku, mai cin mudu 21, da mai 127, da mai 3, ana so ka auno mudu 100 na ruwa. Hanya ita ce ka cika babban, ka rage da matsakaicin sau ɗaya, da ƙaramin sau biyu. Ya ba da irin wannan tambaya sau da dama, kullum hanyar ɗaya ce. Sannan ya kawo tuluna masu cin 23 da 49 da 3, ya ce a auno 20. Mafi yawan mutanen suka bi doguwar hanyar da suka saba, alhali kuwa in ka cika mai 23 ka rage 3 ka gama. Waɗanda ba a horar da su da tambayoyin farko ba, nan take suka ga gajeriyar hanya. Da ya kawo tambayar da tsohuwar hanya ba ta aiki sam, wato 28 da 76 da 3 a auno 25, da yawa daga cikin horarrun suka kasa gaba ɗaya.

Wannan shi ne tsorona game da lesin na wata biyu. Abin da ake yi a irinsa shi ne a ɗauko tambayoyin shekarun baya a yi ta tusa wa yara hanya ɗaya. Ranar jarrabawa in mai tambaya ya ɗan juya tulu, sai yaro ya tsaya yana kallon silin. George Pólya, wani malamin lissafi haifaffen Hangari, a littafinsa na 1945 ya kasa aikin warware matsala matakai huɗu: ka fahimci abin da ake tambaya, ka tsara hanya, ka bi ta, sannan ka waiwaya ka duba ko amsar ta yi ma'ana. Yaranmu a mataki na uku suke farawa, a nan kuma suke ƙarewa. Ɗan kasuwa kuwa dole ya yi na huɗu, domin in ya yi kuskure aljihunsa ne zai gaya masa.

Zama cikin jama'a

Me ya sa abokinmu bai taɓa ɗaga hannu ya ce bai gane ba? Me kuma ya sa mu, da muka san yana wahala, muka yi ta yi masa dariya?

A 1951 Solomon Asch ya zaunar da ɗalibai a jere, ya nuna musu layi ɗaya, ya ce su zaɓi wanda ya yi daidai da shi cikin layuka uku. Abu ne da ƙaramin yaro zai gane. Amma duk mutanen ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar ƙarya, ban da mutum ɗaya. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshin irin waɗannan mutane sun bi jama'a sun ƙaryata idonsu, kuma kusan uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Amma ga inda darasin yake: in aka sami mutum ɗaya tak a ɗakin da ya faɗi gaskiya, bin jama'ar sai ya faɗi ƙasa warwas. Da a ajinmu an sami yaro ɗaya mai ƙoƙari da zai ce, "Malam, ni ma ban gane ba," da an sami hannuwa goma a sama. Ni ina cikin waɗanda suka iya yin haka, ban yi ba. Haka satar jarrabawa take yaɗuwa a yau: yaro ya ga kowa na yi, sai ya ga shi ne wawa in ya ƙi.

Stanley Milgram, a Jami'ar Yale, ya wallafa nasa gwajin a 1963. Aka ce wa mutane su riƙa danna wa wani mai koyo wutar lantarki duk lokacin da ya yi kuskure, ana ƙara ƙarfinta. Wutar ta ƙarya ce, bugun bangon da mai koyon ke yi ma shiri ne, amma ba a gaya musu ba. Mutum 26 cikin 40 suka kai har maɓallin ƙarshe, don kawai wani mai rigar aiki yana cewa su ci gaba. Masana sun yi ta muhawara a kan wannan gwaji, musamman kan halin da aka jefa mutanen. Sai dai mu da muka yi zaman siniya da jiniya ba ma buƙatar a fassara mana shi. Wanda ya sha duka a aji ɗaya, ya yi rantsuwa ba zai taɓa dukan kowa ba, shi ne yake riƙe da bel a aji biyar, yana cewa haka aka gada. A wani zubin na gwajin, da aka sa mutum biyu suka ƙi ci gaba a gaban idon mai dannawa, 4 kawai cikin 40 suka kai ƙarshe.

Malamai ma ba su tsira ba. A 1968 Rosenthal da Jacobson suka ba da labarin wata firamare a Kalifoniya, inda aka gaya wa malamai cewa wasu yara za su yi fice a bana, alhali ƙuri'a kawai aka yi aka zaɓe su. A ƙarshen shekara yaran, musamman na ƙananan azuzuwa, suka ɗara sauran. Binciken baya ya nuna tasirin bai kai yadda aka fara zuzuta shi ba, amma akwai shi, kuma ya fi ƙarfi a kan yaran da dama an riga an raina su. Wanda aka yi wa zaton alheri ana ba shi lokaci ya yi tunani, wanda aka yanke wa ƙauna kuwa ana wuce shi tun bai buɗe baki ba.

Bari in ƙara ɗaya saboda Ma'aji. A 1968 Darley da Latané suka sa ɗalibai suka ji, ta na'urar magana, kamar wani na fama da farfaɗiya. Cikin waɗanda suka ɗauka su kaɗai ke ji, kashi 85 cikin 100 suka tashi neman taimako tun kafin muryar ta ɗauke. Cikin waɗanda suka ɗauka akwai wasu mutum huɗu da ke ji, kashi 31 ne kawai. Ba mugunta ba ce, kowa yana zaton wani zai yi. Mu ɗaruruwa ne a wannan ƙungiya, kowa yana son makaranta, amma ku tambayi Ma'aji mutum nawa suka biya kuɗin shekara.

Jarrabawa mudu ce

Gwajin basira na zamani ya faro ne daga Faransa. A 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka tsara tambayoyi don gano yaran da ke buƙatar taimako na musamman a makarantun birnin Faris. Binet bai yarda cewa basira abu ne da aka yanke wa mutum ba ya ƙaruwa ba, ya ma yi kakkausar suka ga masu wannan ra'ayi. Amma da gwajin ya ƙetara Amurka, aka sake masa fasali a Jami'ar Stanford a 1916, a 1917 kuma aka fara gwada sojoji da irinsa, sama da miliyan ɗaya da rabi. Abin da aka ƙera don a nemo mai buƙatar taimako ya koma abin jera mutane daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kamar dai yadda ake yi mana ranar hutu.

Masana sun ce kowane ma'auni sai ya cika sharaɗi biyu. Na farko, ya zama in an auna yau an auna gobe abu ɗaya za a samu, kamar mudun da ba a bubbuge gindinsa ba. Na biyu, ya zama abin da aka ce yana aunawa shi yake aunawa. Mudu na iya zama lafiyayye, amma ba a auna tsawon yadi da shi. Takardar lissafi da aka rubuta da Turancin da yaro bai ji ba, Turanci take aunawa kafin ta kai ga lissafi.

A 1985 wasu masana suka bi yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Barazil. Suka tsaya kamar masu saye, suna tambayar kuɗin kwakwa kaza ko lemo kaza, yaran suka ba da amsa daidai a kashi 98 cikin 100. Da aka ba su lissafin iri ɗaya da alƙaluma zalla a takarda, abin da suka ci bai wuce kashi 37 ba. Tun kafin nan, a littafinsu na 1967, John Gay da Michael Cole sun nuna cewa manoman Kpelle na Laberiya, waɗanda ake cewa lissafi ya gagari 'ya'yansu, sun fi Amurkawa masu ilimi iya ƙiyasta yawan gwangwanin shinkafar da ke cikin kwano. Da na karanta waɗannan, abokina na kasuwar hatsi na tuna. Bugu da ƙari, James Flynn ya nuna cewa a ƙasashe da dama makin gwajin basira ya yi ta hawa da kimanin maki uku a kowace shekara goma cikin ƙarni na 20. Jinin mutane bai canza ba a wannan ɗan lokaci. Makaranta da abinci da lafiya ne suka canza.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce mutane duk ɗaya suke ba, Allah ya fifita wani a kan wani a fahimta kamar yadda ya yi a tsawo. Ban kuma ce a soke jarrabawa ba. Tun da aka kafa WAEC a 1952, da JAMB a 1978, da NECO a 1999, jarrabawa ce babbar ƙofar ɗan talaka. Da yawa daga cikinmu a nan, in da alfarma ake bi, da ba mu ga ƙofar jami'a ba. Shi ya sa mai sayar da amsa, da uban da ya biya, ɗan talaka suke cuta, domin sun bubbuge mudun da shi kaɗai ya rage masa. Abin da nake cewa shi ne, sakamako labarin abin da yaro ya iya ne a wannan rana, da wannan harshe, da irin hanyar da aka koya masa. Bai kamata ya zama sunan yaro ba.

Shawarwari

Mai girma Shugaba, Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka ina roƙon taro ya duba waɗannan abubuwa biyar kafin a zartar da shawarar kwamiti.

Na ɗaya, kaso mafi tsoka na kuɗin ya koma kan 'yan aji ɗaya. A zangon farko a gwada kowane sabon ɗalibi karatu da Hausa da Turanci, irin gwajin da Binet ya nufa, wanda aka ga yana ɗingishi a ware masa awa ɗaya kullum har ya miƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, mu sayi takardu domin kowane malami ya riƙa yin ɗan gwaji na minti goma a kowane mako, a haɗa da darussan makonnin baya. Kada a sa maki a rifot, kada a yi bulala. Tilawa ce kawai ta dawo aji.

Na uku, mu sa fitilu masu aiki da hasken rana a azuzuwan karatun dare, don yara su yi karatu a kan lokaci su kwanta a kan lokaci. A kuma ware rana ɗaya a farkon kowace shekara a koya musu yadda ake karatu: a rufe littafi a gwada kai, a raba karatu a kwanaki, a nemi ma'ana kafin hadda.

Na huɗu, kyauta ta ci gaba, amma a ƙara ɗaya a kowane aji ga wanda ya fi kowa matsawa gaba daga inda yake. Na ɗaya zuwa na uku kusan kullum su ne dai, sun kuma san kansu. Ina roƙon Firinsifal, in har yanzu ana kiran sunan na ƙarshe a gaban jama'a, a daina.

Na biyar, kada mu tashi da cewa "ƙungiya za ta yi." Kowane aiki a rubuta sunan mutum ɗaya a gabansa, da ranar da zai kawo rahoto. In ba haka ba, badi war haka za mu dawo kowa yana zaton wani ya yi.

Kammalawa

Iyayenmu malamai, babu ko ɗaya cikin abin da na faɗa da ke rage darajarku. Kun koyar da mu da abin da kuka samu, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba, kuma duk wanda ya zama wani abu a cikinmu da bazarku ya yi rawa. Allah ya saka muku da Aljanna.

Ku kuma ɗalibai da ke can baya, in akwai wanda aka laƙaba wa suna a cikinku, ya sani cewa mai yiwuwa ba kansa ne ya gaza ba, hanya ce ba a nuna masa ba. Daga daren yau ya gwada rufe littafi ya tambayi kansa, ya kuma yi barci.

Abokin namu kuwa, ranar da muka gamu na nemi gafararsa a kan dariyar da na yi. Ya ce ya yafe tuntuni, ya ƙara mini da tiyar wake kyauta. Amma ya gaya mini cewa har gobe in ya zo wucewa ta ƙofar makarantar nan sai ya kau da kai, kuma duk 'ya'yansa ya sa su a makaranta, sai dai ba wannan ba. Ina fata shawarar da za mu yanke yau ta zama wadda za mu iya zuwa mu gaya masa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a gafarce ni. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya albarkaci zuriyarmu, ya maida kowa gidansa lafiya.